Tashe a Cikin Aji: Abin da Na Gani a Ƙofar Durbi

Na shafe shekaru ina koyar da wasan kwaikwayo a wata ƙaramar sakandare da ke Ƙofar Durbi, a birnin Katsina, kuma ban taɓa buɗe zango da littafi ba. Da tashe nake farawa, domin da wuya ka sami yaron da bai taɓa manna gemun auduga a watan azumi ba. Sai bakinsu ya buɗe sannan in kawo Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, su taka shi maimakon hadda. Wasu iyayen sun zarge ni da renon 'yan fim, har wani uba ya hana 'yarsa fitowa dandali. Ita ce kuwa ta rubuta mana wasan bana, tana bayan labule.