Abin da Ɗalibi Ke Koyo Wajen Tsara Mujallar Kiɗa da Waƙa



Abin da zan yi magana a kansa yau wani aiki ne ɗan ƙanƙane, na shafi huɗu kacal, wanda aka yi shekaru ana ba ɗaliban fannin watsa labarai a ƙasar Ingila. Daga shekarar 2008 hukumar jarrabawa ta OCR ta sa shi cikin ayyukan da ɗalibi ɗan shekara 16 ko 17 zai iya zaɓa a shekarar farko ta karatun share fagen shiga jami'a, aka kuwa ci gaba da haka har zuwa lokacin da aka sake tsarin karatun a 2017. Ana umartar ɗalibi ya ƙago wata sabuwar mujallar kiɗa da waƙa wadda babu ita a kasuwa, ya tsara bangonta na gaba, da shafin da ke nuna abubuwan da ke ciki, da kuma shafi biyu masu fuskantar juna waɗanda za su ɗauki babban labari. Rubutu da hotuna duka tilas su zama nasa, hotunan kuma kada su gaza 4. Maki 100 ake rabawa: 20 na bincike da shiri, 60 na aikin kansa, 20 na bayanin da ɗalibi zai yi yana auna abin da ya yi. Kafin ya shiga wannan kuwa, sai an sa shi ya gwada hannunsa da bangon mujallar makaranta, don a sami abin da za a kwatanta da shi daga baya.

Mai ji daga nesa zai ce wasa ne, yara sun sami dalilin ɗaukar hotunan abokansu. Ni kuwa a ganina babban abin da ɗalibi ke fita da shi daga wannan aiki shi ne iya yanke shawara domin wani mutum dabam wanda bai taɓa gani ba, cikin ƙayyadadden fili da ƙayyadadden lokaci, sa'an nan ya iya faɗin dalilin kowace shawara in an tambaye shi. Sauran abubuwan da yake koyo duk daga nan suke tsirowa.

Wannan mutumin da bai taɓa gani ba shi ne mai karatu, kuma da shi ake farawa. Ɗalibi yakan zo da niyyar yin mujallar da shi kansa yake so, ya cika ta da mawaƙan da yake sauraro. Tambayar farko da malami zai yi masa ita ce, wa zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya? Don ya amsa, dole ya zauna da mujallun da suka riga shi ya yi musu filla-filla. Zai ga Smash Hits, wadda ta fito daga 1978 zuwa 2006, 'yan makaranta ta nufa, sabo da haka launukanta masu ƙyalli ne, labaranta gajeru, tana kuma buga baitocin waƙoƙin da ake yayi. Zai ga Kerrang!, wadda aka kafa a 1981 domin masu son kiɗa mai ƙara da tsawa, har sunanta ma kwaikwayon ƙarar jita ne, bangonta kuwa cunkushe yake da baƙi da ja da haruffa masu kama da fasassun abubuwa. Zai ga Mojo, ta 1993, wadda ta nufi magidanta masu son mawaƙan ƙuruciyarsu, ita kuma dogayen labarai take bugawa cikin natsuwa. Duka ukun mujallun kiɗa ne, amma in ka ɗauki bangon ɗaya ka manna wa ɗaya, ka kori masu saye biyu a lokaci guda.

A nan ne ɗalibi ke fara sanin yadda ake auna jama'a. A Ingila masu talla sun daɗe suna kasa mutane gida shida bisa ga sana'ar mai ɗauke da nauyin gida, watau A, B, C1, C2, D da E, daga manyan shugabanni har zuwa waɗanda ba su da aikin yi. Ɗalibi zai koyi cewa mujalla abu biyu take sayarwa: tana sayar wa mai karatu labari, tana sayar wa mai talla idon mai karatu. Zai rubuta takardar tambayoyi ya rarraba, ya tambayi shekaru, da irin kiɗan da ake so, da kuɗin da ake iya biya. Sau da yawa abokan ajinsa ashirin yakan ba, dukansu sa'o'insa ne, dukansu abu ɗaya suke sauraro, sai amsa ta fito daidai da abin da yake so tun farko. Ranar da malami ya nuna masa cewa wannan ba bincike ba ne, kansa kawai ya tambaya sau ashirin, ranar ya koyi darasin da wasu masu rubuta rahoton hukuma suka yi ritaya ba su koya ba. Ina roƙon afuwar ma'aikatan da ke zaune a nan, amma sun san abin da nake nufi.

Sai bango. Bangon mujalla a kanti ake ganinsa, a jere cikin wasu da yawa, wannan ya rufe rabin wancan. Shi ya sa ake ɗora suna a can sama da manyan haruffa, ake kuma tara muhimman kanun labarai a kashi ɗaya cikin uku na gefen hagu, domin sau da yawa nan ne kaɗai ke leƙowa. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane cewa al'adun tsara shafi suna da dalili, ba gado kawai aka yi ba. Haka kuma zai koyi jera abubuwa bisa ga girman darajarsu: me ido zai fara gani, me zai gani na biyu, me zai bari sai ya ɗauko mujallar a hannu. Sabon shiga yakan so kowane kan labari ya fi ɗan'uwansa girma, ya zuba launi bakwai, shafi ya zama kamar kasuwa ranar jajibere, kowa na kira ba a jin kowa. Da aiki ya yi nisa sai ka ga ya koma launi uku, da samfurin haruffa biyu ko uku, ya kuma fara barin fili fari ba tare da jin cewa ya yi asara ba.

Hoton bango shi ne wurin da na fi ganin ɗalibai suna girma. Tun da an hana shi ɗauko hoton wani, tilas ya sami mutum, ya zaɓa masa tufafi, ya nemi wuri da haske, ya gaya masa yadda zai tsaya da inda zai duba. Yawanci daga ƙirji zuwa sama ake ɗauka, idon mawaƙi yana kallon idon mai saye. Dole kuma tun yana riƙe da kyamara ya tuna cewa suna zai zauna a sama, rubutu zai sauko ta gefe, don haka ya bar musu wuri, ya nemi bango marar tarkace a bayan wanda yake ɗauka. Watau yana ganin shafin da ba a yi ba tukuna. Ga kuma sha'anin mu'amala da mutane: yaro ɗan shekara 17 ya umarci sa'ansa ya ɗaga haɓa, ya sake tsayawa sau talatin, ba tare da an ɓata ba, wannan ma ilmi ne. Waɗanda suka ƙware sun nuna iyakar abin da hoto ɗaya zai iya ɗauka. Hoton da Annie Leibovitz ta ɗauki John Lennon da matarsa Yoko Ono ranar 8 ga Disamba 1980, sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi, shi aka ɗora a bangon Rolling Stone a Janairun 1981, ba a sa masa kan labari ko ɗaya ba in ban da sunan mujallar. Ɗalibi ba zai kai nan ba, amma zai gane cewa cire abu ma shawara ce.

Game da kwamfuta ba zan daɗe ba, ko da yake ita ɗalibai suka fi ambata in an tambaye su abin da suka koya. Photoshop, wadda ta fito a 1990, da ita ake gyaran hoto. InDesign, ta 1999, da ita ake jera shafi. Ana koyon ɗora abubuwa hawa-hawa yadda za a taɓa ɗaya ba a ɓata sauran ba, da yanke mutum daga bayansa, wanda gashi ke ba kowa wuya a cikinsa. Waɗannan makonni kaɗan sun isa. Abin da ya fi su amfani shi ne sanin bambancin allo da takarda. Allo da haske uku yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, sabo da haka shuɗin da ya burge ka a allo yakan fito a dushe. Hoton da za a buga yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, in ba haka ba ya tarwatse. Ana barin hoto ya zarce bakin shafi da milimita 3 don kada wuƙar yanka ta bar farin layi. Fuskar mutum ba a ajiye ta a tsakiyar shafi biyu, inda ɗinki zai cinye hanci. Akwai kuma tambayar da na'ura ba ta amsawa: in ka iya share ƙurji, ka rage ƙiba, ka haskaka fata, ina ya kamata ka tsaya? Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ba zai ƙara kallon hoton talla da ido irin na da ba.

Shafi biyun nan na tsakiya su ne ke koya rubutu. Ɗalibi ya rubuta hira da mawaƙinsa, kalma dubu, ya zo zubawa sai ya tarar fili na ɗari shida ne. Ba zai ƙanƙanta haruffa ba, domin ba za su karantu ba. Tilas ya yanke, kuma yankan abin da mutum ya rubuta da kansa ya fi kowane aikin edita ciwo. Zai raba shafi gida uku a tsaye, domin ido na gajiya da dogon layi. Zai ciro jimla ɗaya mai daɗi daga bakin mawaƙin ya buga ta da manyan haruffa a tsakiya, ta zama tarkon mai buɗe shafi. Zai daidaita harshensa da na mai karatu, ya kuma kiyayi ɓata sunan wani da taɓa haƙƙin mallakar wani. Ana iya karya waɗannan ƙa'idodi, an kuwa karya. A 1994 David Carson, mai tsara mujallar Ray Gun ta Amurka, ya ga wata hira da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya buga ta da alamomin Zapf Dingbats waɗanda ba haruffa ba ne sam. Ɗalibai suna son wannan labari ƙwarai. Abin da sukan manta shi ne Carson ya san masu sayen mujallarsa, ya san irin wannan tsaurin ido suke biya.

Maki 20 na ƙarshe, na auna kai, su ne mafi wuya. Tambayoyi 7 ake yi. A ciki akwai: ta yaya aikinka ya bi al'adun mujallu ko ya saɓa musu? Yaya ka nuna wani rukunin jama'a, mata ko matasa ko talakawa, a hotunanka? Wane kamfani zai yarda ya rarraba wannan mujalla, don me? Sa'an nan a ajiye masa bangon mujallar makarantar nan da ya fara yi kusa da na ƙarshe, a ce ya faɗi abin da ya canja. "Na ga ya yi kyau" ba amsa ba ce a nan.

Lalle aikin yana da iyaka. Ɗalibi bai biya maɗaba'a ba, bai bi bashin mai talla ba, bai ga ɗaurin mujallun da ba a saya ba an komo da su. Kasuwar ma ta sauya ƙarƙashin ƙafafunsa yana cikin karatu. NME, wadda aka kafa a 1952, ta sayar da kwafi fiye da 300,000 a mako a 1964. Kafin 2015 abin ya faɗo ƙasa da 20,000, aka koma raba ta kyauta, aka daina bugun mako-mako a 2018. Q, wadda ta fara a 1986, ta rufe a 2020. Sai dai allon waya ma shafi ne, yana da sama da ƙasa, yana da abin da ido zai fara gani, mai karatunsa kuma ya fi na kanti gaggawa. Haka sanarwar allurar rigakafi da ma'aikatar lafiya za ta manna a bango, da rahoton shekara na ƙaramar hukuma.

In wani sashe na jami'o'inmu ya ba da irin wannan aiki da Hausa, ɗalibi yana da abin dubawa a gida, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, har zuwa mujallar Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999. Zai kuma gamu da wata matsala wadda takwaransa na Ingila bai san ta ba. Samfuran haruffa masu ado da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In ka buga su, ko kwamfuta ta bar akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani samfuri, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Mai ƙiwa sai ya zubar da ƙugiyar, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. To, kafin ɗalibinmu ya ƙyasa wasu haruffa ya ɗora sunan mujallarsa a kansu, ya fara buga kalmomi biyu ya gani ko za su fito daidai, watau kiɗa da waƙa, domin kowace tana da ƙugiya, kuma ba shafin da zai tsara ba tare da su ba.