Wayar Salula da Karatun Ƴaƴanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na yau ya shafi abin da ke cikin aljihun kusan kowanenmu, wato wayar salula, da abin da take yi wa karatun ƴaƴanmu, na allo da na lakwal.

Mu fara da ambaton ni'ima, domin butulci ba halin mumini ba ne. A farkon shekarun 2000 ne salula ta shigo ƙasarmu Nijar. Kafin nan, wanda ɗansa ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya sai ya jira matafiyi ya kawo masa wasiƙa ko kaset. Yau tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana aika saƙon murya ta WhatsApp, amsa ta iso mata kafin ta sauke tukunya. Manomin Dakwaro yana jin farashin gero a kasuwar Maraɗi tun bai ɗora buhu a mota ba. Tafsirin da ya wuce mutum a masallaci yana iya sauraronsa a gona. Saboda haka hukuncin waya yana bin abin da aka aikata da ita.

Amma wajibi ne mu fahimci yadda aka gina abin da ke cikinta. Facebook da TikTok da YouTube ba su karɓar kuɗin shiga daga hannun mai kallo. Ribarsu daga tallace-tallace take, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon abin da suke samu. Don haka aka tsara su su lura da irin bidiyon da mutum ya tsaya a kai, su kawo masa irinsa, wani na bin wani. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin sallama, amma wannan kallo an yi shi ne ba ƙarshe. Yaron da muka miƙa wa waya yana ɗan shekara 13, mun haɗa shi kokawa ke nan da ƙwararrun da aikinsu kullum shi ne kada ya ajiye ta.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa wata rana Imamu Malik yana ba da karatu a Madina sai aka ce ga giwa ta shigo gari. Almajirai suka watse kallo, ban da Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya zo daga Andalus. Da Imamu ya tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa doguwar tafiyar da ya yi don ɗaukar ilimi ce, ba don kallon giwa ba. Wannan almajiri shi ne wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ta fi kowace yaɗuwa, ita ce ake karantawa a zaurukanmu har yau. Giwa ɗaya ce ta gwada almajiran Imamu Malik, rana ɗaya tak. Ƴaƴanmu kuwa giwarsu tana cikin aljihu, tana kiransu dare da rana.

Abu na farko da waya ke ci shi ne dare. Duk wanda ya yi hadda ya san cewa karatu yana zama ne da maimaici da isasshen barci. Yaron da ya raba dare yana kallo, ya shiga aji da safe, jikinsa ne kawai a gaban malami. A watan azumi abin ya fi tsanani: daga sallar asham matasa su wuce fada, ga shayi ga waya, har lokacin sahur. Wasu ko asuba ba su samu. Alhali jarrabawar BEPC da ta bakaloreya suna nan tafe a ƙarshen shekarar karatu, kuma ba a ɗaga su don wani ya kwana kallo.

Na biyu shi ne wahalar neman sani, wadda ita ke sa ilimi ya kafu. An ba yaro aikin gida, sai ya ɗauki hoton tambaya, amsa ta fito, ya kwafe. Takarda ta cika, kai babu kome. Wanda ya saba haka, ranar jarrabawa zai nemi ɓoye waya ya shiga da ita, kuma wannan ha'inci ne, Manzon Allah ya barranta daga mai yin sa kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Mu tuna cewa wanda ya ci jarrabawa da sata gobe shi zai yi wa ƴaƴanmu allura a likita, ko ya tsaya gaban aji yana karantarwa.

Karatun addini ma bai tsira ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tattaki har Agadas don ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Yau matashi kan ji guntun wa'azi na minti ɗaya, wanda aka yanke farkonsa da ƙarshensa, bai san mai maganar ba, ya tashi yana ɓatar da liman da mahaifinsa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labari, ta kuma hana giba da bin diddigin asirin mutane. Duk wanda ya tura hoton ƴar wani ko wata jita-jita zuwa zauren WhatsApp yana da kamasho cikin zunubin, ko da ba shi ya fara ba. Sau da yawa irin wannan ne ke sa uba ya cire ƴarsa daga makaranta.

Akwai kuma kuɗi. Yaron da ke sayen intanet na dala 40 kullum, jika 6 ke nan a wata. Mu kwatanta wannan da abin da muke kashewa a kan littattafansa, ko abin da muke ba malaminsa na allo ranar Laraba.

To wa ke da alhaki? Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslim suka fitar, ya sanya kowane magidanci da kowace uwa makiyaya da za a tambaye su abin da aka ba su kiwo. Wani zai ce shi bai yi lakwal ba, bai san abin da ke cikin wayar ba. Amsa ita ce makiyayi ba ya buƙatar sanin sunan kowace ciyawa kafin ya hana garkensa kwana a daji. Uban da bai iya karatu ba ya san lokacin kwanciya. Yana iya tara wayoyin gida a ɗakinsa bayan isha'i, a karɓa da safe. Yana iya hana ƙaramin yaro mallakar waya mai intanet, in da larura a ba shi ƙarama ta kira. Yana iya zuwa makaranta ya tambayi malami halin da ɗansa ke ciki. Ƙasar Faransa ma, tun shekarar 2018, ta kafa dokar hana yara amfani da salula a makarantun firamare da kwaleji. Sai dai duk wannan ba zai yi tasiri ba in yaro yana ganin mahaifinsa na latsa waya a sahu liman yana huɗuba.

Azumi ya koya mana barin halal na wasu sa'o'i don Allah. Ruwa halal ne, ga zafin ƙasarmu, amma muna barinsa daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Wanda ya iya wannan zai iya ajiye waya daga isha'i zuwa asuba. Mu fara daga daren yau, mu iyaye da kanmu, kafin mu umarci yara.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.