Tsakanin Jigawa da Fadama: Sunan Ƙasar Dakalin Gulbi a Yankin Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya tambayi Bahaushe irin ƙasar da ake nomawa, amsar da zai fara samu ba ta wuce kalmomi biyu: tudu da fadama, ko kuwa hwadama, kamar yadda Basakkwace yake faɗa. Wannan rabo yana da amfani, amma ya yi faɗi ƙwarai. Tsakanin rairayin tudu da lakar fadama akwai wata ƙasa wadda ba ta zama wannan ba, ba ta kuma zama waccan ba. Ita ce ake samu a kan ɗan tudun nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke bin gefen gulbi ko ƙorama, inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba. A wannan maƙala za a dubi siffar wannan ƙasa a yankin Boɗinga da Shagari, da yadda masana kimiyya suke karkasa ta, da kuma abin da harshen Hausa ya tanada domin kiran ta.

Boɗinga da Shagari suna kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta nufi Jega. Yanki ne mai tarihi, domin a Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Damina a nan gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba galibi, kuma ruwan da ake samu a shekara yakan tsaya ne a wajen milimita 600 zuwa 700. A irin wannan wuri, ƙasar da ta iya riƙe danshi na kwana uku ko huɗu fiye da maƙwabciyarta ita ce ke raba wanda zai cika rumbu da wanda zai sayi hatsi a kasuwa tun kafin bazara.

Yadda wurin ya samu

Gulbi ba ya zama a bigire ɗaya har abada. Idan ya yi shekaru aru-aru yana malala, yakan shimfiɗa yashi da laka a gefensa, wato fadamarsa ke nan. In zamani ya juya, ruwa ya ƙara ƙarfi, sai ya haƙa ƙasa ya nutsa, ya buɗe sabuwar fadama a ƙasa da ta farko. Tsohuwar fadamar sai a bar ta a sama, a shimfiɗe, ruwa ba ya hawan ta. Turawa suna da kalma guda domin wannan wuri. A Hausa kuwa akan ce bakin fadama, ko gaɓa, ko tudun rafi, amma kowace daga cikinsu tana da wata ma'anar da ta fi ƙarfi. Gaɓa, alal misali, ta fi nuni ga inda ruwa ya yanke ƙasa a tsaye. Saboda haka a nan za a kira wurin dakalin gulbi, domin ya yi kama da dakalin ƙofar gida: ya ɗara ƙasa tsawo, bai kai soro ba, kansa kuma a baje yake.

Ƙasar Sakkwato ta ga irin wannan juyin zamani ba sau ɗaya ba. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce Hamada ta matso kudu ƙwarai, iska ta kwaso rairayi ta lulluɓe tuddai da shi. Daga baya, wajen shekaru 10,000 da suka wuce, aka shiga zamanin ruwa mai yawa, gulabe suka farfaɗo suka yanka wannan rairayi. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, W. G. Sombroek da I. S. Zonneveld, sun buga nazari a 1971 a kan tsofaffin tuddan rairayi da abin da ruwa ya shimfiɗa a kwarin Rima da Sakkwato, suka kuma laƙaba wa kowane kashi sunan wani gari na ƙasar, kamar Sangiwa da Zurmi da Illela da Raba. Abin da wannan tarihi yake nufi ga manomi shi ne, ƙasar dakalin gulbi ɗiyar iska ce da ruwa a haɗe. Rairayinta daga tudu ya gangaro, lakarta kuwa gulbi ne ya ajiye.

Siffarta

Masana kimiyyar ƙasa suna raba ƙwayoyin ƙasa kashi uku bisa ga girmansu. A ma'aunin da Amurka ta shimfiɗa, rairayi shi ne ƙwayar da ke tsakanin milimita 2 da 0.05. Wadda ta kasa 0.002 ita ce yumɓu. Ta tsakiyarsu kuwa, mai laushi kamar garin tuwo, ita Turawa ke kira silit, mu kuwa sai mu ce garin ƙasa. Ƙasar da muke magana a kanta rairayi ne ya fi yawa a cikinta, galibi fiye da rabi, yumɓunta kuma bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Wannan ɗan yumɓu, duk da ƙarancinsa, shi ne sirrinta.

Mai karatu zai iya gwadawa da kansa. A ɗebi ƙasar a zuba a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Cikin minti guda rairayi zai kwanta a ƙasa. Garin ƙasa zai bi bayansa cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu yana gurɓata ruwan kafin ya zauna. Manomi ba ya bukatar kwalba. Yakan ɗebi ƙasar ya jiƙa ta a tafin hannu ya dunƙule. Idan ta ƙi dunƙuluwa, rairayi ne zalla. Idan ta dunƙule har ana iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, laka ce. Idan kuwa ta dunƙule, amma da an taɓa ta sai ta wargaje, kuma ana jin ƙaiƙayin yashi a yatsa, to ita ce wannan. Abin sha'awa shi ne, wannan gwaji na hannu shi ne dai masanin kimiyya yake yi a daji kafin ya kai ƙasar ɗakin bincike.

Idan aka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a dakalin gulbi, ko aka dubi bangon sabuwar rijiya, za a ga ƙasar hawa-hawa ce. Ta sama, inda garma ke kaiwa, tana da sako-sako da ɗan duhu saboda ruɓaɓɓen ganye da taki. Ta ƙarƙashinta ta fi ja ko ruwan ƙasa, ta kuma fi danƙo, domin ruwan sama yana wanke yumɓu daga sama ya tara shi a can shekara da shekaru. Jan nan tsatsar ƙarfe ce, alama ce kuma ta cewa iska tana ratsa ƙasar, ruwa ba ya kwanciya. In an ci gaba da haƙa aka fara ganin toka-toka da ɗigo-ɗigon ja, an iso inda ruwa ke tsayawa da damina ke nan. Wannan tsari shi ya sa ƙasar take da sauƙin huɗa kamar jigawa, amma saiwar shuka tana samun danshi a ƙasa bayan saman ya bushe.

Tana da nata aibi. Abincin shuka bai wadata a cikinta ba, musamman sinadaran naitirojin da fosfaras, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta kuwa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ruwa mai ƙarfi yakan daɓe samanta ya yi ɓawo, tsiro ya kasa hudowa. Gefen dakalin kuma, inda ya gangara zuwa fadama, nan ne zaizaya ke fara cin gona.

Sunanta a wurin masana da wurin manoma

Tsarin karkasa ƙasa na Amurka, wanda aka buga a 1975, yana da matakai 6, tun daga babban rukuni har zuwa ƙaramin dangi. Manyan rukunan 10 ne a farko, yanzu sun zama 12. Ƙasar dakali wadda yumɓu ya taru a ƙarƙashinta takan faɗa rukunin Alfisol, wadda kuwa ba ta daɗe da kwanciya ba har hawa-hawan ya bayyana takan faɗa Entisol ko Insaftisol. Ƙaramin dangin kuwa da sunan garin da aka fara bayyana shi ake kiran sa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato a 1969, tana da nata tsarin dabam. Waɗannan sunaye suna ba masanin Sakkwato damar fahimtar masanin Indiya ko Barazil, amma ba su da wani amfani a bakin gona.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai yi mamakin yawan sunayen ƙasa da ke cikinsa. Akwai jigawa da rairayi da turɓaya, akwai laka da yumɓu da taɓo, akwai jangargari da marmara da tsakuwa, akwai kuma fako, wato ƙasar da ta daɓe ta mutu. A ƙasar Maraɗi manoma suna raba jigawa da geza, wadda ta fi ta nauyi da wuyar noma. Sai dai ma'aunin Bahaushe ba girman ƙwaya ba ne. Shi abin da yake dubawa uku ne a dunƙule: inda ƙasar take, yadda take karɓar fartanya, da abin da take fitarwa. Shi ya sa itatuwa suke cikin shaidunsa. Sabara da ƙarangiya suna nuna masa rairayi, kalgo ya nuna ƙasa mai ɗan nauyi, goruba ta nuna ruwa ba shi da nisa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, in ya cika gonar gero, to ƙasar ta gaji. Gawo kuwa, mai zubar da ganye da damina, kowa ya san hatsin gindinsa ya fi kyau.

Saboda haka idan manomi ya ce wannan jigawa ce amma mai ƙarfi, ko mai riƙe ruwa, ya faɗi abin da masanin kimiyya zai faɗa da alkaluma. A ganina, matsalar tana wurinmu ne, mu masu fassara da rubuta littattafan makaranta. Mun saba mu tattara komai mu kira shi ƙasa mai yashi, alhali kuwa rairayin tudu da ƙasar dakalin gulbi ba shawara ɗaya ta dace da su ba. A rairayi zalla, takin zamani da aka zuba gaba ɗaya ruwa ne zai wanke shi ya wuce da shi ƙasa, gero da wake da gyaɗa ne kuma suka fi jurewa. A dakali kuwa dawa tana yi, rogo da dankali suna yi, kuma inda ruwa yake kusa ana kafa garka da rani a yi albasa, da jigo a dā, da injin ban-ruwa a yau. Mai shirin gona a rediyo da ya haɗa su a suna ɗaya ya ɓatar da ɗayan manoman biyu. Haka kuma wajen rabon gado ko cinikin gona: kadada ɗaya a nan ba daidai take da kadada ɗaya a can ba, dattawan gari kuma sun san haka ko da takardar da aka rubuta ba ta nuna ba.

Kalmar fadama ta riga ta shiga bakin masana na duniya, har aka sa wa wani babban shirin noma na ƙasa sunanta tun farkon shekarun 1990, aka kuma gina madatsun ruwa irin ta Shagari domin noman rani. Kalmomin da ke bayyana abin da ke sama da fadamar ne ba su sami wannan gata ba. Ya kamata Sashen Harsunan Nijeriya da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su fita tare zuwa Sifawa da Danchaɗi da Shagari, ɗaya yana haƙa rami yana auna ƙwaya, ɗayan yana rubuta sunan da mai gonar ya kira ta, da karin harshensa yadda ya faɗa, a kuma ajiye sunayen biyu a shafi ɗaya.