Yadda ake ware ƙwayar kwalara daga ruwan Kogin Rima

Duk lokacin da amai da gudawa suka ɓulla a garuruwan da ke bakin Kogin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, ruwa ake fara zargi. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ita ke ba manoman rani ruwa, kuma a kogin ne mutane da dama ke ɗiban na sha. Sai dai cokali ɗaya na ruwan kogi yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya iri-iri, mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Kafin a ce kwalara ce, dole a raba ƙwayarta da sauran.

Ana fara zuba samfurin ruwan a wani ruwan reno na musamman na tsawon awa 6 zuwa 8, inda ƙwayar kwalara ke rigan sauran yawaita. Daga nan ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗauki siririyar waya mai ɗan zobe a baki, ya ƙona ta har ta yi ja, ya bar ta ta huce, ya ɗebo ɗigo guda ya zizzara a gefe ɗaya na faranti mai koren daskararren abinci da ake kira TCBS. Sai ya sake ƙona wayar, ya ja sabon layi daga bakin na farko zuwa wurin da bai taɓa ba, haka har sau uku ko huɗu. Wannan ƙonawa tsakanin layi da layi ita ce gishirin aikin: kowane ja yana kwasar ƙwayoyi kaɗan ne daga na baya, har a layin ƙarshe su faɗi ɗai-ɗai. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake ta, gobe cunkoso kawai zai tarar.

Ana kife farantin a akwatin ɗumi mai zafin digiri 35 zuwa 37, a jira awa 18 zuwa 24. Kowace ƙwaya da ta faɗi ita kaɗai takan hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani, kuma na kwalara rawaya ne, domin tana cin sukarin da ke cikin abincin. Robert Koch, likitan Jamus, a tafkin da mutane ke sha ya samo ta a Kalkata ta Indiya a 1884.

Rawayar ma ba ta yanke hukunci, don wasu ƙwayoyin ruwa suna ba da launi irin wannan. Sai an ɗauki ɗigo ɗaya an sake renonsa, an tabbatar ko nau'in O1 ne ko O139, waɗanda ke haddasa annoba, sannan a gwada maganin da ke kashe shi. Aikin yakan ci kwana biyu zuwa uku, shi ya sa ba a jiran sakamako kafin a fara bai wa majiyyaci ruwan gishiri da sukari.