Funfunar The Last of Us ba ta kama mutum, amma ka duba ta cikin rumbunku

Ranar da na fara kallon The Last of Us, shirin da tashar HBO ta soma haskawa a Janairun 2023, sai da na kasa cin biredi da safe. Idan ba ka kalla ba, ga labarin a taƙaice: wata funfuna mai suna Cordyceps ta shiga jikin mutane ta mallake su, suka koma cizon juna, cikin 'yan kwanaki duniya ta kife. Ta ina ta shigo? Shirin ya nuna ta garin fulawa ce, daga wata masana'anta a Jakarta. Wasan ya yi kyau, kuma ya ba ni tsoro. To amma tambayar da na san kai ma za ka yi ita ce: hakan zai iya faruwa?

Funfunar dai ba ƙirƙira ba ce. Akwai wata 'yar danginta, Ophiocordyceps unilateralis, da ke kama tururuwa a dazuzzuka masu damshi. Idan ta shiga jikin tururuwa sai ta sa ta bar gidansu, ta hau tsiro, ta ciji ganye ta maƙale har ta mutu. Daga nan wani tsinke ya tsiro mata ta ƙeya, ya watsa ƙurar iri kan sauran tururuwar da ke ƙasa. Amma ka kwantar da hankalinka. Wannan funfunar ta ɗauki miliyoyin shekaru tana sabawa da jikin ƙwaro, har kowane nau'inta yana da irin tururuwar da ya fi kamawa. Sannan zafin jikinka, digiri 37, ya fi ƙarfin yawancin funfuna. Ga kuma garkuwar jiki.

Inda shirin ya taɓo gaskiya shi ne farkonsa, inda wani masani ke gargaɗin cewa idan duniya ta ƙara ɗumi, funfuna na iya koyon jure zafi. A 2009 aka gano Candida auris a kunnen wani majinyaci a Japan. Tana rayuwa a zafin jikin mutum, tana bijire wa magunguna, tana yaɗuwa a asibitoci. Wasu masana, irin su Arturo Casadevall, na ganin ɗumamar yanayi na da hannu a fitowarta, kodayake hasashe ne da ake kan bincika. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da ta ce a sa musu ido.

Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne batun abincin. Da na je gida Tudun Wada lokacin kaka, na tarar da kawuna ya baza masara a ƙasa, ga hadari yana haɗowa. Ka san mu nan kudancin Kano, musamman Doguwa da gefen dajin Falgore, ruwanmu ya fi na arewacin jihar yawa kuma yana daɗewa, sau da yawa masara na nuna damina ba ta ɗauke ba. Wannan damshin shi Aspergillus flavus ke so. Ita ce funfunar nan mai kore-kore da kake gani a kan masara ko gyaɗa. Ba ta juya ƙwaƙwalwar kowa, guba take zubawa a cikin ƙwayar, sunanta aflatoksin.

An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka ba su. A 2004 a Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Amma yawanci ba farat ɗaya take kisa ba. Kaɗan-kaɗan take cin hanta har ta kai ga sankara, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B. Bincike a Yammacin Afirka ya kuma danganta ta da tsumburewar yara. Abin takaicin, dafuwa ba ta kashe ta. Ka tuƙa tuwo, ka dama koko, ka soya ƙuliƙuli, tana nan. Idan ka ce bari a ba saniya lalatacciyar, wani kasonta zai dawo maka ta nono.

To me za ka yi? Kada ka shanya a kan turɓaya ko gefen kwalta, ka shimfiɗa tamfol. Ka tsince ƙwayoyin da suka fashe, suka sauya launi ko ƙwari suka huda, ka binne su. Kada ka ɗura a buhu sai ta bushe ƙayau, wato damshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Ba ka da na'ura? Ka zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauranta. Buhuna kuma a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango. A gona akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar: 'yar'uwar funfunar ce marar guba, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, ita ta riga mai gubar cin wuri.

Idan kuma saye kake yi, ko a Kwanar Ɗangora ko a Bebeji, ka cusa hannu can cikin buhun, ka shinshina. Warin ruma ko ɗaci a baki alama ce, kodayake tsabtar ido kaɗai ba ta wanke hatsi daga zargi. Arha ba ta ado, balle arhar masarar da ruwa ya taɓa.

Shirin dai ka kalla, ya cancanci datarka. In ka gama, ka ɗauki tocila ka leƙa rumbu. Kawuna da na yi masa wannan bayanin dariya ya yi, ya ce 'yan boko ba sa rasa abin tsoro. Washegari da na fito, sai ga tamfol a ƙofar gida.