Wane wata ya fi dacewa a je Wikki?

Yawancin masu shirin zuwa ruwan ɗumi na Wikki, a gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, hutu ne ke tsayar musu da rana: ko bayan Sallah, ko ƙarshen Disamba. A ganina wannan lissafin a baibai yake. Ruwan Wikki ba ya sauyawa. Dare da rana, rani da damina, zafinsa na nan a kan digiri 31. Dalili kuwa, daga can ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Ruwan sama ne da ya nutse cikin duwatsu, ɗumin cikin ƙasa ya ratsa shi, sannan ya fito ta gindin wani dutse, garai-garai har ana hango farin yashin ƙasansa, ya gangara zuwa kogin Gaji. Tunda ruwan a tsaye yake, abin da mai shiri zai auna shi ne abubuwan da ke juyawa a kewayensa, wato iska, dawa da yawan jama'a.

A fara da iska. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, saboda haka ruwan Wikki bai ma kai jiki zafi ba, kuma wanda ya je da tunanin ruwan gashi irin na mai jego zai sha mamaki. Ɗuminsa sai an gwama shi da iskar waje ake jin sa. Da asubar hunturu, lokacin da sanyi ke kama yatsu, mutum zai tarar da tururi na tashi a kan ruwan, ya shiga ya ƙi fita. A Maris da Afrilu kuwa, zafin rana na kusantar digiri 40, wannan ruwan dai sanyaya jiki yake yi. Duka da daɗi, amma mai neman ɗumi hunturu ne lokacinsa. Sai dawa. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma da damina ruwa na ko'ina, dabbobi sun bazu, ciyawa ta fi mota tsawo. Sai rani ya ƙafar da tafkuna ne giwa da ɓauna da gwanki ke komawa bakin Gaji, inda motar zagaye ke bi. Idan aka haɗa lissafin biyu, daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu ya fi, domin akwai sauran sanyi, ciyawa ta kwanta, 'yan hutun ƙarshen shekara sun watse.

Wani zai ce ai tsakiyar bazara aka fi ganin namun daji, me ya sa ba a jira ba? Gaskiya ne, kuma wanda giwa ce ta kai shi, ya jira. Sai dai mai tafe da yara da tsofaffi ya tuna cewa zagayen a cikin ƙura da rana ake yin sa, kuma ganin giwa a Yankari ko da bazara sa'a ce, babu ma'aikacin da zai yi maka alkawari. Wani kuma zai ce ma'aikaci da ɗan makaranta ba su da zaɓi sai ranar hutu. To, a nan maganin shi ne kwana. Daga garin Bauchi tafiyar ta haura kilomita 100, ta hanyar Gombe a karkata a Dindima, kuma ko an iso ƙofar Mainamaji da sauran kusan kilomita 40 kafin sansanin Wikki. Mai zuwa ya dawo a yini guda da azahar zai iso, daidai lokacin da ruwan ya cika da samari, dabbobi kuma sun fake a inuwa. Wanda ya kwana shi ke samun safiya, lokacin da magidanci zai saki jiki ya sauka da iyalinsa ba cunkoso.

Sauran shirin ƙanana ne, amma su ke ɓata tafiya. A kama ɗaki tun daga gida, a cika tankin mota, a tambayi halin tsaron hanya, a shiga da rana. Wajen bakin dutsen zurfin ruwan ya kusa mita 2, ya shanye babba balle yaro, don haka yara su tsaya ƙasa-ƙasa inda bai kai ƙugu ba. Gwaggon birai na sansanin sun san leda sarai. Wanda ya bar gilashin mota a buɗe ko ya ratso fili da burodi a hannu, ya yi sadaka ba da niyya ba. Masu zuwa da niyyar neman magani kuma, ɗumi kan sassauta gaɓoɓi na ɗan lokaci, amma mai hawan jini ko ciwon suga ya sa ƙwayoyinsa a jaka kafin kayan wanka.