Littafin Hotuna Mai Labari A Ajin Manya

Kowane malamin ajin yaƙi da jahilci ya san wannan. Mutum ya yi rani guda yana zuwa aji, ya iya haɗa baƙi da wasali, har ya karɓi takardar shaida. Damina ta faɗi, ya koma gona. Kafin shekara ta kewayo karatun ya gudu, gama ba shi da abin karantawa a gida. Ran da aka kawo maganin feshi, sai ya nemi wanda zai karanta masa abin da ke jikin kwalba. Ran rabon riba kuwa, abin da magatakarda ya faɗa shi ke nan.

Akwai wani irin littafi da zai taimaka. Labari ne da aka zana cikin ƙananan akwatuna a jere, maganar kowane mutum kuma an rubuta ta kusa da bakinsa. Kalmomin kaɗan ne. In wata ta gagari mai karatu, hoton ya ba shi haske, ya wuce gaba ba tare da ya karaya ba.

Waɗansu za su ce ai wannan na yara ne. A ƙasar Japan ba haka suke gani ba. Can ana kiran irin wannan littafi manga, manya da yara duk suna karantawa, akwai shi kuma a ɗakunan karatu na makarantu. Daga dama ake fara shi zuwa hagu, kamar ajami. Wata mace mai suna Hiromu Arakawa, wadda ta tashi a gidan masu kiwon shanun madara a tsibirin Hokkaido, ta zana wani mai suna Gin no Saji daga 2011 zuwa 2019, littafi 15. Labarin yaron birni ne da ya shiga makarantar koyon aikin gona. Ya yi kiwon ɗan alade, ya shaƙu da shi, yana kuwa sane cewa yanka za a yi. Gonar iyayen abokinsa kuma bashi ya cinye ta. Wane manomi ne zai ce wannan wasan yara ne?

Amma sai an duba littafi kafin a sa shi cikin akwatin ƙungiya. Keiji Nakazawa, wanda yana ɗan shekara 6 aka jefa bam a garinsu Hiroshima a 1945, ya soma zana labarin abin da ya faru a 1973. Littafin ya shiga makarantu da yawa, duk da haka a 2013 an yi gardama a birnin Matsue ko ya kamata yara su ɗauke shi su kaɗai, saboda munin waɗansu hotuna.

Ga abin da malamai suka fi mantawa: hoto ma sai an koyi karanta shi. Wanda bai saba ba, in ya ga mutum ɗaya cikin akwati huɗu, yana iya zaton mutum huɗu ne. In an zana ƙwaron wake ƙato domin a gan shi sosai, sai ya ce, "Irin wannan babu shi a rumbuna." Bai yi wauta ba, abin da ya gani ya faɗa. Saboda haka malam ya ɗaga shafi ya tambaya, "Me kuka gani a nan? Wa ke magana? Daga nan sai ina?" Kada ya yi saurin ba da amsa. Sai sun gane tafiyar hotunan tukuna, sa'an nan a shiga kalmomi.

Irin waɗannan littattafai ba su da yawa da Hausa. To, ba sai mun jira ba. Da wuya a rasa yaro mai iya zane a ƙauye. A raba takarda gida shida, 'yan aji su ba da labarin da suka sani, misali mutumin da ya sayar da masararsa da kaka, ya dawo yana sayenta da tsada a tsakiyar damina. Yaro ya zana, su kuma su rubuta maganar da hannunsu. A liƙa a kan kwali, a ajiye cikin akwatin ƙarfe saboda gara. Magatakarda ya riƙa rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar.